Ƙanwata ta nemi likita ya kawo ƙarshen rayuwarta, tana so in zame mata shaida

Anti, barka da ƙoƙari. A ƙasar Holand muka girma ni da ƙanwata, nan muke zaune har yanzu. Shekarunta 31. Tun tana sakandare ciwon ƙin cin abinci ya kama ta, wanda likitoci ke kira anoreksiya. An kwantar da ita a asibiti ba adadi, an taɓa danne ta aka zura mata robar abinci ta hanci ba da son ranta ba, har yau in ta tuna sai jikinta ya hau rawa. Kwanakin baya ta kira ni ta ce ta miƙa takardar neman likita ya kawo ƙarshen rayuwarta, kamar yadda dokar ƙasar nan ta ba da dama. Ta ce ta gaji. Ta ce ni kaɗai ce zan fahimce ta, in raka ta wurin ganawa da likitan, in faɗa masa na ga wahalarta da idona kuma babu sauran abin yi. Iyayenmu ba su sani ba, ta roƙe ni kada in gaya musu. In na ƙi, ina tsoron ta yanke hulɗa da ni ta yi wa kanta wani abu. In na yarda, ina zan kai wannan alhaki? Wani lokaci kuma, Allah Ya yafe mini, nakan ji kamar son kai ne ya sa nake so ta ci gaba da zama cikin wannan azaba. Me zan yi?

Daga wata yaya a Holand.

Ɗiyata, sannu da wannan kaya. Allah Ya ba ƙanwarki lafiya, ke kuma Ya ƙara miki juriya.

Ki raka ta wurin likitan, ki zauna kusa da ita. Amma maganar da ta sa miki a baki, cewa babu sauran abin yi, kada ta fito daga gare ki, domin ba ki san haka ba, ita ma ba ta sani ba, likitan da za ku gani kuma, komai zurfin iliminsa, ba shi da awon da zai tabbatar da hakan. Sai dai ki sanar da ita matsayinki tun kafin ranar. In ta fara jin sa a gaban baƙo, cin amana za ta ɗauke shi, kuma da gaskiyarta.

Hukuncin addini kin san shi, ga shi nan a wasiƙarki kina maganar alhaki. Rai amana ne, ni ma a kan haka na tsaya. Amma da wa'azi na maganin wannan ciwo da tuni an gama da shi, kuma likitan da za ku zauna da shi ba da wannan sikelin zai auna maganarki ba. Saboda haka bari mu bi ta nasu sikelin, za ki ga ko a kansa ma maganar ba ta zauna ba.

Dokar Holand ta fara aiki ne a 2002. Ba ta ce sai mutum yana bakin mutuwa ba, shi ya sa masu ciwon ƙwaƙwalwa ma suka samu shiga. Abin da take nema shi ne likita ya gamsu cewa mutum da kansa ya nema, ba tilas, bayan tunani mai zurfi. Cewa wahalarsa ta fi ƙarfin ɗauka kuma ba alamar za ta yi sauƙi. Cewa an yi masa bayanin halin da yake ciki. Cewa ba wata hanya mai ma'ana da ta rage. Sai wani likita daban ya ga maras lafiyar ya rubuta ra'ayinsa, in kuma ciwon na ƙwaƙwalwa ne, ana neman ra'ayin likitan ƙwaƙwalwa wanda ba shi da hannu a jinyar. Yardar dangi ba ta cikin sharuɗɗan. Ke nan ba ki da ikon hanawa, ba kuma sa hannunki ake jira ba. Na faɗi wannan ne don ki sauke rabin kayan da ke kanki: ba ke ce mai yanke hukunci ba. Amma ana sauraron dangi, abin da kika faɗa zai shiga rubutu, shi ya sa ƙanwarki take son bakinki. Sannan miƙa takarda ba shi ne ƙarshen zance ba. Abu ne da ke ɗaukar watanni, sau da yawa fiye da shekara, kuma mafi yawan buƙatun da suka shafi ciwon ƙwaƙwalwa ba sa kaiwa ga aiwatarwa: wasu a ƙi su, wasu masu neman su janye da kansu. Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, adadin yana hawa. A 2023, cikin mutum 9,068 da suka mutu ta wannan hanya a Holand, 138 saboda ciwon ƙwaƙwalwa ne, a 2024 suka kai 219.

Inda gardamar take da zafi shi ne sharaɗin nan na "ba alamar sauƙi". A Boston ta Amurka, likitocin babban asibitin Massachusetts sun bi sawun wasu mata masu wannan ciwo na tsawon shekaru, suka fitar da sakamako a 2017. Bayan shekara 9, kimanin kashi 31 cikin ɗari ne kawai suka warke. Da aka sake duba su bayan shekara 22, waɗanda suka warke sun kusa kashi 63. Ki tsaya a kan wannan ki yi tunani. Kusan rabin matan da aka gani a shekara ta tara suna nan cikin ciwo, waɗanda kowa zai ce nasu ya zama jiki, sun fita daga baya. Ƙanwarki, in na lissafa daga sakandare, tana tsakiyar wannan hanya ne, ba ƙarshenta ba. Gaskiya ne akwai waɗanda ba su warke ba, kuma anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa: wani babban nazari na 2011 ya nuna haɗarin mutuwar masu ita ya kusa ninki shida na tsaransu, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu su suka kashe kansu. Ba ciwon wasa ba ne. Amma babu gwajin jini, babu hoton ƙwaƙwalwa, babu adadin shekaru ko na kwanciya a asibiti da zai nuna wa likita tun yau wace ce za ta warke, wace ce ba za ta warke ba. Mai ciwon daji da ya bazu, hoto na nuna inda ya kai, kuma ko ya ci abinci ciwon na ci gaba da cin sa. Ita kuwa mafi yawan ɓarnar da yunwa ta yi wa zuciya da hanta da jini tana gyaruwa in abinci ya dawo, ko da yake ƙashi ya fi taurin kai wajen komawa yadda yake.

A 2022 wata likita a Denver ta jihar Kolorado, Jennifer Gaudiani, ita da abokan rubutunta, ta kawo shawarar a amince cewa akwai matakin anoreksiya da ya zama ciwon ajali, ga wanda ya kai shekara 30, ya sha jinya mai inganci, kuma yana cikin hankalinsa ya ce ya daina. Ta kafa hujja da majinyata uku. Abokan aikinta da dama suka yi mata ca, haka ma waɗanda suka warke bayan sun haura talatin, suna cewa da an yi aiki da wannan ma'auni a kanmu da yanzu ba ma nan. A 2024 Chelsea Roff, wadda ita kanta anoreksiya ta jawo mata shanyewar ɓarin jiki tana 'yar shekara 15 kafin ta warke, ta haɗu da Catherine Cook-Cottone suka tattara bayanai, suka gano aƙalla mutum 60 masu ciwon cin abinci da aka taimaka wa suka mutu a Beljiyam da Holand da Amurka tsakanin 2012 da 2024, wasunsu ba su kai talatin ba. Kanada, wadda dokarta ta fi ta ƙasashe da yawa faɗi, sau biyu tana ɗage ranar da za ta buɗe wannan ƙofa ga masu ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai, a 2024 ta kai shi Maris na 2027, kuma babban abin da ya cije musu shi ne wannan tambayar: wa zai iya rantsewa cewa ciwon ba zai taɓa sauƙi ba?

Ɗaya sharaɗin kuwa, na "tunani mai zurfi", shi ya fi tsaya mini a rai. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, 1944 zuwa 1945, wani masani a jami'ar Minnesota, Ancel Keys, ya ɗauki samari 36 lafiyayyu, waɗanda suka ba da kansu, aka rage musu abinci da kusan rabi na wata shida, har kowa ya zubar da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa. Ba ɗaya cikinsu da yake da ciwon cin abinci kafin nan. Amma sai ga ƙarti suna tara littattafan girki suna karantawa da dare, suna yanka abinci ƙanana-ƙanana suna juya shi a faranti na tsawon lokaci, suna lashe kwano. Suka daina dariya, suka daina son shiga mutane, ƙaramin abu sai faɗa, baƙin ciki ya rufe da yawansu, ɗaya ma ya sare yatsunsa uku da gatari a lokacin da aka fara mayar musu da abinci. Wata shida ke nan. Ƙanwarki ta yi shekaru. Wani kaso na duhun da take gani, na yanke ƙauna, na jin cewa gobe ba za ta bambanta da yau ba, aikin yunwa ne a kan ƙwaƙwalwa, ba hukuncin da ta zauna ta yanke a kan rayuwarta ba.

Ga kuma dabarar ciwon kansa. Mai anoreksiya na iya zama mafi kaifin basira a ɗaki. Za ta yi miki bayanin dokar nan dalla-dalla, ta lissafo magungunan da ta sha, ta faɗi illar kowanne, likita ya ce ai wannan tana cikin hankalinta sarai. Amma a daidai wuri ɗaya, wurin abinci da nauyi, awonta ya karkace. In ta ce gara mutuwa da ƙarin nauyi, wannan jumlar tana cikin alamomin ciwon. Karɓar ta a matsayin hujjar cewa magani ya ƙare, tamkar a ɗora wanda ake ƙara ne a kujerar alƙali a ce ya yanke hukunci.

Kada ki ɗauka masu ɗaya ra'ayin mugaye ne. Akwai likitoci masu tausayi a cikinsu, kuma suna da maganganu masu nauyi. Suna cewa azabar ƙwaƙwalwa ba ta gaza ta jiki ba, don me za a ba mai ciwon daji zaɓi a hana mai anoreksiya? Suna cewa babbar mace ce, ba yarinya ba. Suna cewa a danne mutum, ma'aikata su riƙe hannuwa da ƙafafu da kai, a tura roba ta hanci tana kuka, a maimaita gobe da jibi, wannan ma cutarwa ce, kuma akwai ranar da ya kamata a ce ya isa. A kan wannan na ƙarshen ina tare da su fiye da yadda za ki zata. Rawar jikin da kika ce ƙanwarki na yi in ta tuna, ba shagwaɓa ba ce, rauni ne da ke buƙatar nasa maganin. Alƙalai ma sun rabu a kai: a Ingila, cikin shekara ɗaya, 2012, kotun da ke duba lamarin waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara ta ba da umarnin a ciyar da wata mata 'yar shekara 32 da ƙarfi, a wata shari'ar kuma ta ce kada a tilasta wa wata. Amma ki lura, daina tilasta wa mutum magani daban, ba shi abin da zai kashe shi daban. A na farko, in ta farka wata safiya ta ce bari in sake gwadawa, akwai wanda zai amsa mata.

Abin da nake zargi, kuma ki bincika ki gani, shi ne ƙanwarki hanya biyu kawai take gani a gabanta: ko a koma ɗakin da aka danne ta, ko mutuwa. In haka ne, ba abin mamaki ba ne ta zaɓi abin da ta zaɓa. Amma akwai ta uku. Masu jinyar waɗanda suka daɗe da ciwon sun fara sauya manufa: a daina sa ƙarin nauyi a gaba da komai, a fara da tsare lafiyarta daga haɗari, da rage ciwo, da barci, da baƙin ciki, da dawo mata da wani abu na rayuwa, aiki ne, karatu ne, ƙawaye ne. Stephen Touyz na jami'ar Sidni da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan mata 63 da suka yi aƙalla shekara bakwai da ciwon, suka wallafa a 2013. Fiye da kashi 80 cikin ɗari suka tsaya har ƙarshen jinyar, abin da ba a saba gani ba a wannan ciwo da majinyata ke yawan gudu, kuma jin daɗin rayuwarsu ya ƙaru. Ba warkewa ba ce nan take. Amma mutum na samun inda zai tsaya ya yi numfashi.

To in za ki yi mata magana, ki zaɓi lokacin da ba na cin abinci ba, ba kuma ta waya ba. Ki fara da yarda da ita, kada ki fara da gardama. Wani abu kamar haka: "Na yarda kin gaji. Na ga abin da aka yi miki, ba zan ce ƙarami ba ne. Zan je tare da ke, zan faɗa wa likita duk wahalar da na gani, ba zan rage komai ba. Amma ba zan ce babu sauran abin yi ba, don ban yarda da haka ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan ranki ba." Za ta yi fushi. Mai yiwuwa ta ce kin ci amanarta, ta kashe waya ta yi kwanaki. Ki ci gaba da aika mata saƙo, gajere, wanda ba ya neman amsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma ki sani, mutane da yawa da suka miƙa irin wannan takarda, abin da suka fara samu a cikinta shi ne a karon farko wani ya zauna ya ɗauki wahalarsu da muhimmanci ba tare da ya ɗora su a sikeli ba. In ke kika ba ta wannan, kin rage wa takardar ƙarfi.

A gaban likitan, ki je da tambayoyinki a rubuce, don a irin wannan ɗaki kai kan ɗauke. Wane irin magani aka yi mata, wanne ne ba a taɓa gwadawa ba? An taɓa jinyar baƙin cikinta da firgicin abin da ya same ta a asibiti, su kansu, ko kullum nauyi kawai ake bi? An ba ta irin jinyar nan da ba ta sa ƙarin nauyi a gaba? Wanda zai auna hankalinta, ƙwararre ne a kan ciwon cin abinci, kuma ya zai yi da cewa ana auna ta ne tana cikin yunwa? Ta taɓa yin wani lokaci mai tsawo da isasshen abinci a jikinta, kuma a lokacin me take cewa game da mutuwa? Wannan ta ƙarshen ke ce kika fi kowa sanin amsarta. In akwai shekarar da ta ɗan samu sauƙi ta koma makaranta, ko ta yi dariya har da hawaye, ki faɗa, da wata da shekara. Shaidar da ake buƙata daga gare ki ke nan.

Maganar iyayenku: kada ki ruga musu da daren nan, amma kada ki yi alkawarin rufe baki har abada. Ki ce mata wannan sirri ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ki ba ta lokaci ta faɗa da kanta, ki ce za ki zauna a wurin. Kafin nan ki shirya su. Ba kuka da tsinuwa, ba "ki ci abinci mana, mene ne a ciki", ba maganar ta rame ko ta yi kyau. Kuma kada kowa ya ce zai ɗura mata abinci a gida don a nuna wa likita ta samu sauƙi. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka cika masa abinci kwatsam, sinadaran jini irin su fosfet na faɗuwa, zuciya na iya tsayawa. Wannan aikin asibiti ne, a hankali, ana gwada jini.

Tsoronki na cewa za ta yi wa kanta wani abu, kada ki bar shi a zuci. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, ko ta yi wani shiri. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta ce e, ko kika ga tana rabar da kayanta tana sallama da mutane, to sirri ya ƙare a nan: ki kira likitanta, ki kira 113, layin taimakon masu tunanin kashe kansu da ke aiki dare da rana a Holand, su ma dangi suna iya kira. In ta suma, ko ta ce zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko ta rikice, lambar gaggawa ta 112 za ki kira, ko tana so ko ba ta so.

Batun son kai kuwa, ki ajiye shi. Mai son kai ba ya shekara da shekaru yana zaryar asibiti. Abin da ke damunki gajiya ce, kuma ina zargin akwai daren da kika ce a ranki da ma a huta, sai kika tsorata da kanki. Duk wanda ya yi doguwar jinya ya san wannan daren, ba ya nufin kina son mutuwarta. Amma alama ce cewa ke ma kina buƙatar mai sauraronki. Ki gaya wa likitanki na gida halin da kike ciki, ki tambaye shi ƙungiyoyin dangin masu wannan ciwo, akwai su a ƙasar, kuma ki samu mutum ɗaya cikin dangi da za ku riƙa karɓa-karɓa, don ba zai yiwu wayarki ce kaɗai za ta riƙa ƙara da tsakar dare ba. Bayan kun gana da likitan ki sake rubuto mini abin da ya ce a kan tambayoyin, musamman wadda ta shafi auna hankalinta.